RUMBUN TSIMIN MAGANI

Jawabin da kwamitin ƙungiya ya karanta a babban taro, a kan masu doguwar jinya da shirin tarbon annoba

   

Kun saba jin maganar rijiya da rumbu da ajin lakwal daga bakinmu. Yau maganar lafiya munka kawo, kuma muna roƙon ku saurara har ƙarshe, don babu gidan da ba ta shafa ba.

SU WA MUKE NUFI

Ciwo iri biyu ne. Akwai mai zuwa ya wuce, kamar masassara ko zawo. Akwai kuma wanda in ya zo ya zauna ke nan, sai dai a yi ta lallashinsa da magani. Cikin na biyun akwai hawan jini, wanda muke kira tansiyo, da ciwon sukari, da fuka, da farfaɗiya, da sikila, da ciwon sida. Za mu haɗa da tarin fuka, don ko da yake ana warkewa, sai an yi wata 6 ana shan magani ba fashi. Masu irin wannan ciwo su muke kira masu doguwar jinya.

Kowa ya duba gidansa. In babu tsoho mai tansiyo, akwai yaro mai sikila, ko baiwar Allah mai farfaɗiya. Yawancinsu suna noma, suna kiwo, suna cin kasuwa kamar kowa, muddin maganin yana hannu. Ranar da ya yanke, labari ya sake. Mai tansiyo ba ya jin komi a jikinsa, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Yaron da ke rayuwa da allurar insulin, in ta yanke, kwanaki kaɗan sun isa a rasa shi. Mai farfaɗiya in ya bar ƙwayarsa rana tsaka, faɗuwar tana dawowa da ƙarfi, wani lokaci kusa da wuta ko bakin rijiya. Mai tarin fuka in ya yi fashi, ƙwayar cutar tana iya gagarar maganin, kuma ya ɗora wa na kusa da shi.

ABIN DA MUNKA GANI DA IDONMU

Ran 19 ga Maris 2020 anka samu mutum na farko mai cutar korona a Yamai. A cikin makon nan anka rufe iyakokin ƙasa da filayen jirgin sama. Ƙarshen watan anka killace Yamai, ba shiga ba fita. Masallatai sunka zauna a rufe har 13 ga Mayu. Iyakokin ƙasa kuwa sai tsakiyar 2021 anka buɗe su. Ga shi tun Agusta 2019 Nijeriya ta rufe tata iyakar, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020.

Mun gode Allah, cutar ta zo wa Nijar da sauƙi in an gwada da wasu ƙasashe: waɗanda anka tabbatar sun kamu ba su kai 10,000 ba, waɗanda anka ƙidaya sun rasu sun ɗara 300 da kaɗan. Amma akwai wani lissafi da ba ya shiga wannan. Wanda maganinsa ke zuwa daga Kano ko Katsina a aljihun ɗansa, da hanya ta toshe ina ya samu? Wanda likita ya ba ranar komawa Yamai fa? Wanda ya ji tsoron zuwa asibiti don kada a ce korona gare shi, ya kwanta ɗaki har abin ya ci ƙarfinsa fa? Irin waɗannan, mun bi gawar wasu, munka ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne kwana ya ƙare, amma kwalin maganin ma ya ƙare tun kafin nan.

Kada ku ce mu kaɗai abin ya sama. A watan Mayu 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tambayi ƙasashe 155. Kashi 53 cikin 100 sunka ce kula da masu hawan jini ya samu cikas ko ya tsaya, kashi 49 sunka faɗi haka a kan masu ciwon sukari. A 2021 hukumar ta duba ƙasashe 13 na Afirka, har da Nijar, ta iske cikin masu ciwon sukari da sunka kamu da korona wajen 10 cikin 100 sun rasu, alhali in an haɗa dukan waɗanda sunka kamu, bai kai 3 cikin 100 ba. Wato annoba tana dukan mai doguwar jinya sau biyu: ta fi saurin kada shi in ya kamu, kuma ko bai kamu ba ta raba shi da maganinsa.

Ba korona kaɗai ke yin haka ba. Sanƙarau na 1995 dattawa ba su manta ba. A 2015 ya dawo, mutum 8,500 anka lissafa a ƙasa, sama da 500 sunka rasu. Amai da gudawa ya faɗo wa jiharmu ta Maraɗi a 2018, ya faro daga wajen Madarunfa, ya sake dawowa a 2021. Duk lokacin da irin wannan ta taso, ma'aikatan asibiti da gadaje da motoci suna komawa kanta, kuma dole ne. Sannan daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa farkon 2024 iyaka ta sake rufewa saboda takunkumin da ƙasashen Afirka ta Yamma sunka sa wa Nijar, magani ya yi wuya, lantarkin da ke zuwa daga Nijeriya ya yanke. Wannan ba annoba ba ce, amma ga mai ciwon sukari da ke aje allurarsa a firiji, duk ɗaya ne. Iyayenmu kuma sun san shekarar El Buhari, 1984, da fari ya haɗu da rufe iyaka. Abin da ya faru sau da yawa haka, mai hankali ya san zai sake faruwa.

A watan Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta daina zama abin gaggawa na duniya. Ran 20 ga Mayu 2025 ƙasashe sunka amince a Jeneba da wata yarjejeniya ta shirin tarbon annoba mai zuwa. Manya suna shiri ke nan. To mu fa, da ke sama da kilomita 100 arewa da Maraɗi, wane shiri munka yi?

MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA RUWA KE ZUBA

Ga ainihin abin da ya kawo mu. In za a yi shiri, mun saba a tara maigari da limamai da majo da shugabannin ƙungiya, a yanke shawara, a yi shela. Masu ciwon kuwa sai dai a ce musu Allah shi sawwaƙe. Mu muna ganin ya kamata su zauna a tabarmar shawara tun daga farko, don akwai abin da sunka sani wanda babu mai lafiyar da ya san shi.

Tsohon da ya shekara 10 yana shan maganin tansiyo ya san sunan ƙwayarsa, ya san farmasin da ake samunta a Dakoro da wanda sai an je Maraɗi, ya san kuɗinta da na mota, ya san watan da hanya ke ɓaci da damina. Uwar mai sikila ta san alamun da ke zuwa kafin ciwon ya tashi, ta san zazzaɓi a jikin ɗanta ba abin jira ba ne. Mai fuka ya san abin da ƙurar hunturu ke yi masa. In anka rubuta shiri ba tare da su ba, za a tanadi sabulu da takunkumin baki da hanci, a mance da insulin.

Akwai kuma maganar yarda. Kun tuna jita-jitar da ta cika gari lokacin da allurar rigakafin korona ta iso a 2021. Mai ciwon sukari ya fi jin maganar ɗan uwansa mai ciwon sukari da ya ce masa na yi, ga ni lafiya, a kan shela goma ta rediyo.

WASU SUN RIGA MU

Abin da muke kawowa ba mu munka ƙago shi ba. A lardin Tete na ƙasar Mozambik, a 2008, masu ciwon sida na ƙauyuka tare da ƙungiyar likitoci ta MSF sunka fito da wata dubara. Mutum shida sai su haɗu, kowane wata ɗaya daga cikinsu ya tafi asibiti, a duba shi, ya karɓo wa sauran biyar maganinsu. Wata mai zuwa wani ya tafi. Kuɗin mota ya ragu, layin asibiti ya ragu, kuma in ɗaya ya yi sanyin jiki sauran sun sani tun da wuri. Ƙasashe da dama sun ɗauki wannan dubara. A nan Nijar masu ɗauke da ƙwayar sida suna da haɗin gwiwarsu mai suna RENIP+, kuma lokacin korona hukumomin lafiya na duniya sun ba da shawarar a riƙa ba su maganin wata 3 ko fiye a lokaci ɗaya, don kada rufe hanya ya yanke su.

A gida ma muna da abin koyi. Asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi ya fara, a 1991, da taimakon ƙungiyar CARE, yau ana yin irinsa a ƙasashe masu yawa. Dattawa kuma sun tuna sekurist da ungozomomin ƙauye masu ɗan akwatin magani, waɗanda gari da kansa ke zaɓa. Ashe haɗa kai a kan lafiya da kuɗi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Kuma duk manomi ya san rumbun tsimi: ana cika shi da kaka, lokacin da hatsi ke da araha, ba a taɓa shi sai ranar da babu. Irinsa muke so mu yi wa magani.

SHAWARWARINMU

1. Masu doguwar jinya su kafa tasu ƙungiya a cikin ƙungiyarmu, su zaɓi shugabanninsu da kansu, mace da namiji. Yaro da tsohon da ba ya iya fita, mai jinyarsa ya tsaya masa. Ba a tilasta wa kowa shiga.

2. A yi rajista: sunan mutum, maganin da yake sha, yawan da yake sha a rana, inda yake samunsa, da lambar wanda za a kira in ta ɓaci. Rajistar ta zauna wajen majo na asibitinmu. Kowane mai ciwo kuma ya riƙe karnensa, a ɗauki hoton takardar maganin a salula a aika wa ɗansa da ke waje, don kada a sayo wani a madadin wani.

3. Kowa ya kasance yana da maganin wata ɗaya a gaba, bayan wanda yake sha. Ƙa'idar rumbu za a bi: tsoho ake fara ci, sabo ya koma ajiya, a riƙa duba ranar da aka rubuta a kwali. Ba a sayen komi sai da takardar likita kuma a farmasi. Na tire da na bayan keke a bar shi, don a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu, cikin magani 10 ɗaya jabu ne ko marar ƙarfi. Maganin tarin fuka da na sida gwamnati ke ba da su kyauta, kuma suna da tasu ƙa'ida, sai yadda likita ya tsara.

4. A yi rukuni na mutum biyar ko shida irin na Tete, da izinin likita. Ɗaya ya tafi Dakoro ko Maraɗi ya karɓo na sauran. Ƴan uwanmu makiyaya, Fulani da Abzinawa, da ke haurawa arewa da damina ta kwarin Tarka, su ma a sa su ciki, a ba su nasu kafin su tashi.

5. Ƙungiya ta sayi na'urar awon tansiyo mai batir da ta awon sukari, a koya wa mutum biyu ko uku cikin masu ciwon, su riƙa auna juna suna rubutawa. Aunawa ce aikinsu. Canza magani aikin likita ne.

6. A roƙi majo ya zauna da su tun yanzu ya gaya wa kowa abin da zai yi in ya kamu da amai da gudawa ko zazzaɓi mai zafi. Akwai ƙwayoyin sukari da na tansiyo da ake dakatarwa in ruwan jiki ya ƙare, akwai kuma magani irin insulin da na farfaɗiya da ba a yankewa kai tsaye. Mai sikila in ruwan jikinsa ya ragu ciwon na tashi. Wannan sani ba a nemansa ranar da asibiti ya cika. Ba a fafe gora ranar tafiya.

7. Masu insulin su koyi aje ta ba firiji. Wani bincike da MSF da Jami'ar Jeneba sunka fitar a 2021, bisa zafin wani sansanin ƴan gudun hijira a Kenya, ya nuna kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta mako 4 a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Namu zafin na bazara yana wuce haka, saboda haka a sa ta cikin ƴar tukunya a cikin babbar tukunya, da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, a inuwa, kada ruwa ya taɓa bakin kwalbar.

8. Wakilan masu ciwon, mace ɗaya namiji ɗaya, su samu wurin zama a kwamitin kula da asibitinmu, da duk wani kwamitin da za a kafa in annoba ta zo. Za mu rubuta wa magajin gari da babban likitan gundumar Dakoro mu nemi haka. Abin da wakilan za su riƙa tambaya a fili yake: in an rufe hanya, wa ke da izinin wucewa ya ɗauko magani? In asibiti ya cika da masu annoba, wace rana da wace ƙofa aka ware wa masu doguwar jinya? In rigakafi ya zo kaɗan, an sa su a gaba?

ABIN DA WASU ZA SU CE

Mun san akwai mai cewa a ransa: ni ba zan tona asirina ba. Yana da hujja. Mun ga yadda ake fasa aure don an ji sunan farfaɗiya, mun ga yadda ake janye tabarma daga mai tari. Don haka munka ce rajista wajen majo za ta zauna, ko mu ƴan kwamiti ba za mu buɗe ta ba. A taro ba a tambayar kowa sunan ciwonsa, masu shan magani kullum kawai za a ce. Wanda ya fi son ya tsaya tsakaninsa da likita, a bar shi, kuma rumbun zai amfane shi kamar kowa. Amma ku sani, farfaɗiya ba a ɗaukarta ta miyau ko ta taɓawa, sikila gado ce daga uwa da uba gaba ɗaya, ba laifin uwa ba ce ita kaɗai. Ranar da manyanmu sunka fara faɗin haka a bainar jama'a, rabin kunyar ta tafi.

Wani zai ce wannan aikin gwamnati ne. Gwamnati tana da nata, kuma wakilanmu za su riƙa tuna mata. Sai dai babu ma'aikacin da ke Yamai da ya san tsohuwar da ke bayan masallacinmu saura ƙwaya huɗu gare ta. Maƙwabciyarta ce ta sani.

Wani kuma zai ce ina kuɗi. A nan ne muke juyowa gare ku, ƴan ci-rani.

GA ƳAN CI-RANI DA DATTAWA

Ƴan uwa, mun san guminku, mun san ba a kwance kuke samu ba. Mun kuma san in aka kira ku aka ce baba ya faɗi, kuna aiko da kuɗin mota zuwa Maraɗi, da na gado, da na awo, wani lokaci da na likkafani, har mutum ya ci bashi. Abin da ake kashewa a wannan mako ɗaya ya isa maganin wata da watanni. Muna ba da shawarar kowane ɗan ƙungiya da ke waje ya riƙa zuba jaka ɗaya, wato 1,000 F, kowane wata a asusun magani, dabam da kuɗin ƙungiya. Wanda Allah ya hore wa ya ƙara. Asusun ya zama da makulli uku kamar na Mata Masu Dubara, biyu a hannun masu ciwon, ɗaya a hannun ma'ajin ƙungiya, a riƙa buga lissafinsa a takardar nan. Mai hali ya ranta ya mayar, marar hali a ɗauke masa. Kuma ku kanku, wanda ya haura shekara 40 ya je a auna masa tansiyo da sukari can inda yake, don yawancin masu su ba su san suna da su ba. In kuna shan magani, kada ku kamo hanyar gida sai da na wata biyu a jaka.

Iyayenmu dattawa, ku ba kuɗi muke nema gare ku ba. Bakinku muke nema. In maigari ya ce ni ma ina shan ƙwayar tansiyo, ku rubuta ni na farko, gobe mutum ashirin za su biyo baya. In liman ya tuna wa mutane cewa marar lafiya yana da sauƙi a azumi, mai ciwon sukari ya tambayi likita kafin ya ɗauka, za a ji. In iyayenmu mata sunka ce a bar matan aure su je taron, za a bar su. Kuma in an zauna shawara, muna roƙonku ku yi haƙuri ku saurari yarinya ko talaka in su ne masu ciwon, don a wannan fage su ne sunka riga mu sani.

Muna neman taro ya amince da abu uku kafin a tashi: a kafa ƙungiyar masu doguwar jinya, a buɗe asusun magani, a ba kwamiti izinin rubuta takardun da munka ambata. In an amince, zaman farko za a yi shi da majo bayan an gama girbi, kafin matasa su watse ci-rani. Waɗanda ke nesa su aiko da ra'ayinsu ta hannun wakilin garin da suke, za mu karanta shi a zaman.

Allah shi ba marasa lafiyarmu sauƙi, shi jiƙan waɗanda sunka riga mu, shi tsare mu daga annoba ta yanzu da ta gaba. Allah shi maido matafiyanmu gida lafiya.